Yarjejeniyar Raba Zama da Riƙon 'Ya'ya a Shari'ar Ingila

A wannan takarda za mu duba wata al'ada da ba mu saba da ita ba, watau miji da mata su rubuta yarjejeniyar raba zama alhali igiyar aure tana nan. Mutanen Ingila sun dogara da ita ne domin kafin 1857 ba a kashe aure sai da dokar Majalisa, abin da sai mai hali.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'ya'ya. A shari'arsu ta wancan zamani uba ke da ɗa. Ko da ya sa hannu ya bar wa uwa riƙo, alƙalai kan ƙi zartarwa, wai uba ba shi da ikon sarayar da wannan hakki. A 1836 mijin Caroline Norton ya raba ta da 'ya'yanta uku, kuma rubuce-rubucenta suka taimaka aka kafa dokar 1839. Wannan doka ta ba uwa damar roƙon kotu riƙon yaron da bai kai shekara 7 ba, muddin ba a same ta da zina ba.

A ganinmu dokar 1873 ta fi muhimmanci, ko da yake ba ta yi suna ba. Ita ce ta halatta yarjejeniyar bar wa uwa riƙo, sai fa in kotu ta ga yaron zai cutu. Nan ne maslahar yaro ta fara rinjayar ikon uba. Wannan ma'auni shi Nijeriya ta ɗauka a dokarta ta 1970 kan auren rajista, wadda ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba.