Nufi

nufī̀ (sn., nj.; jam. nùfe-nùfe)

1. Abin da mutum ya ƙudura a zuci, niyya. Mis.: *Nufina in kama rumfa a Kantin Kwari bayan damina.*

2. Ma'anar magana. Mis.: *Mene ne nufinka?*

3. (add.) nufin Allah: abin da Allah yake so ya faru. A bakin Kiristocin Sabon Gari, Kano, neman nufin Allah shi ne kai shiri gaban Ubangiji tun kafin a yanke shawara: addu'a, azumi, karatun Littafi Mai Tsarki, jin ta bakin fasto da dattawan ikkilisiya. Aure, ƙaura da jarin kasuwa aka fi kaiwa. Tushe: Yaƙub 4:13–15, gargaɗi ga fatake masu tsara cinikin shekara guda ba su san gobe ba, ayoyi ne da suka dace da unguwar 'yan kasuwa ƙwarai. Mis.: *Baba, mu nemi nufin Allah kafin mu biya kuɗin shagon nan.* Kwat.: istihara, wajen maƙwabta Musulmi na Fagge.

Dangogi: nùfā (fi.), dosa, yi niyya: *Allah ya nufe mu da alheri*, nufō (fi.), doso nan, manufā (sn., mc.; jam. manufōfī), maƙasudi.