Manhajojin ɗaukar sauti masu tsada: me kuɗin ke saye, kuma wa ke bukatarsu a Zongon Lome?

Duk wanda ya shiga sutudiyo a yau, a Lome ne ko Kano ko Yamai, abin da zai fara gani shi ne allon kwamfuta mai ɗauke da layuka masu launi, kowane layi da muryarsa ko kiɗansa. Manhajar da ke nuna waɗannan layuka ita ce ta maye gurbin injin tef da babban teburin haɗa sauti na da. Masu Turanci na kiran irinta DAW, masu Faransanci kuma kan kira sana'ar baki ɗaya MAO. Akwai ta kyauta, akwai kuma wadda farashinta ya kai yuro 580, wato kusan jika 380 na sefa. A Togo, inda mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,500 a wata tun Janairun 2023, wannan kuɗi ya haura albashin wata bakwai. Don haka kafin matashi ya fasa asusunsa, ko kwamitin masallaci ya taɓa kuɗin jama'a, ya kamata a san abin da ake biya wa.

Aikin sauti a Zongo

Zongon Lome unguwa ce da fatake Hausawa da sauran Musulmi ƴan arewa suka kafa. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni, aka mayar da mutanensa Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa, inda yanzu ake kira Agoe-Zongo. Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa duk suna zaune a nan, kuma zumuncinsu da kasuwancinsu na kaiwa Gana da Benin da Nijar da Nijeriya.

A irin wannan wuri yawancin aikin sauti magana ce da murya: tafsirin azumi, wa'azi, karatun Alƙur'ani, bege, waƙar biki, sanarwa da tallan ƴan kasuwa da za a tura rediyo ko WhatsApp. Akwai kuma matasa masu waƙar zamani da ke kallon Kano ta wani ɓangare, suna kallon mawaƙan Lome irin su Toofan ta ɗaya ɓangaren. Waɗannan ayyuka ba bukatarsu ɗaya ba, kuma a nan ne maganar tsada take rabuwa.

Manyan sunaye da farashinsu

Pro Tools ta fito a 1991 daga kamfanin Digidesign na Amurka, wanda Avid ya saye daga baya. Ta farko layi huɗu kawai take ɗauka, kuma da na'urarta ta kai kusan dala 6,000. A 1999 waƙar Ricky Martin mai suna Livin' la Vida Loca ta zama ta farko da ta hau saman jerin waƙoƙin Amurka bayan an ɗauke ta an kuma haɗa ta gaba ɗaya a cikin Pro Tools. Tun daga nan ta zama abin da manyan sutudiyo da masu gyaran sautin fim suka saba da shi. Yanzu yawanci haya ake yi: daga kusan dala 100 zuwa kusan dala 600 a shekara, gwargwadon aji.

Cubase ta kamfanin Steinberg ce da ke Hambug a Jamus. Ta fito a 1989, kuma yanzu kamfanin yana hannun Yamaha. Steinberg ne ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, wanda ya ba wasu kamfanoni damar yin ƙananan manhajojin da ake liƙawa a cikin babbar. Babban ajin Cubase shi ne mai kusan yuro 580.

Logic Pro ta Apple ce tun 2002, lokacin da ya sayi kamfanin Emagic. Kuɗinta dala 200, amma ba ta aiki a Windows, don haka ainihin tsadarta tana cikin kwamfutar Mac ɗin da za a saya.

FL Studio daga Beljiyam take. Ta fara da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, aka sauya mata suna a 2003. Masu haɗa kiɗa sun fi son ta. Farashinta na tashi daga dala 99 zuwa ƴan ɗaruruwa, kuma wanda ya saya sau ɗaya yana samun duk sabon zubi kyauta har abada. Ableton Live ta Balin, wadda ta fito a 2001, babban ajinta ya haura dala 700.

A ɗaya gefen akwai Reaper, wadda Justin Frankel, mai Winamp, ya fitar a 2006. Lasisinta dala 60 ne ga mai amfanin kansa ko mai sana'ar da cinikinta bai wuce dala 20,000 a shekara ba, dala 225 ga wanda ya fi haka, kuma ana gwada ta kwana 60 kyauta. Audacity, wadda ta fito a 2000, kyauta ce ɗungurungum. Farashi yana sauyawa, kamfanonin kuma kan yi rangwame a ƙarshen Nuwamba.

Abin da kuɗin ba ya saye

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne manhaja mai tsada tana ɗaukar murya da kyau fiye da mai araha. Ba haka abin yake ba. Makirufo ne ke kama murya, katin sauti kuma ya mayar da ita lambobi, misali sau 48,000 a kowace daƙiƙa. Aikin manhaja a wannan mataki shi ne ta rubuta lambobin a fayil. Idan aka ɗauki murya ɗaya da makirufo ɗaya da kati ɗaya da saiti ɗaya, abin da Audacity za ta rubuta shi ne abin da Pro Tools za ta rubuta.

Abubuwan da ke ɓata sauti a Zongo suna wajen kwamfuta. Unguwar tana bakin babbar hanya mai lamba 1, wadda manyan motoci masu zuwa Burkina da Nijar ke bi dare da rana. Ga babura ƴan zemijan, ga rufin kwano da ke ƙara idan ana ruwa, ga ɗakin siminti da babu komai a bangonsa, wanda ke mayar da murya kamar ana magana a cikin rijiya. Wayar wuta da ba a haɗa ta da ƙasa ba tana sa gurnani a ƙarƙashin sauti, saboda wutar yankin tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ɗaukewar wuta, kamar wadda Togo ta sha fama da ita a 2024, kan lalata aikin da ba a adana ba. Katifa da labule masu kauri a bango, makirufo mai kyau, katin sauti, da batirin riƙe wuta, su ne ke magance waɗannan, kuma dukansu a haɗe ba lallai su kai kuɗin Cubase ba.

Lome kanta tana da misali. A 2018 ƙungiyar Vaudou Game ta Peter Solo ta fitar da kundi mai suna Otodi, wanda aka ɗauka a tsohon sutudiyon gwamnati na Office Togolais du Disque, na shekarun 1970, da kayan aikin zamanin tef. Abin da suka je nema can shi ne ɗakin da na'urorinsa.

Abin da kuɗin ke saye

Na farko shi ne lokaci. Mawaƙi zai iya rera baiti sau biyar, manhajar ta jera su, mai sutudiyo ya tsinci kalma mafi kyau daga kowane ya haɗa su cikin minti kaɗan. Ana iya sa ta tuna inda za a ɗaga murya da inda za a sauke kiɗa. Ga wanda ke karɓar aiki uku a rana lokacin bukukuwan bayan sallah, wannan kuɗi ne kai tsaye.

Na biyu shi ne kayan da ke zuwa tare da ita. Manyan ajin Cubase da Logic da Ableton suna ɗauke da dubban sautukan ganga da fiyano da goge, da kayan daidaita murya. Sayen waɗannan ɗaya-ɗaya ya fi tsada. Sai dai sautin kalangu ko kuntigi ko gurmi ba ya cikin abin da aka saba samu a waɗannan rumbuna. Mai son su sai ya kira makaɗi ya ɗauka.

Na uku shi ne gyaran abin da ya riga ya lalace. Manhajar RX ta kamfanin iZotope tana nuna sauti kamar hoto, har a iya goge tari ko hon ɗin mota daga tsakiyar jimla. Ga wanda ke son ceto tsofaffin kaset-kaset na malaman da suka rasu, wannan yana da daraja, domin ba za a sake yin karatun ba. Amma tana rage ɓarna ne kawai, ba ta mayar da murya yadda take tun asali.

Na huɗu shi ne shiga kasuwar waje. Kamfanin fim ko talabijin da ke aiki da Pro Tools zai fi son a aiko masa da aiki a tsarin da zai buɗe kai tsaye. Wanda ba shi da ita yana da mafita: ya fitar da kowane layi a matsayin fayil ɗin WAV, dukansu su fara daga daƙiƙa ɗaya, kowace manhaja za ta karɓa. Haka kuma gidajen watsa labarai na Turai suna bin ma'aunin ƙarfin sauti na R128, wanda aka kafa a 2010. Manyan manhajoji suna da ma'aunin a ciki, kodayake akwai na kyauta.

Me ya sa ake kwaɗayinsu

Wani ɓangare na sha'awar suna ne. Abokin ciniki da ya ga allon da ya saba gani a bidiyon manyan mawaƙa yakan ji hankalinsa ya kwanta. Wani ɓangaren kuma sauti ne da kunne ya riga ya saba da shi. Auto-Tune, wadda Andy Hildebrand ya ƙirƙiro a 1997 don gyara muryar da ta kauce daga kari, ta shahara da waƙar Believe ta Cher a 1998, daga baya ta zama tambarin waƙoƙin fina-finan Hausa tare da fiyanon Yamaha. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da irin wannan murya. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya a Sahel kafin sunansa ya kai Turai da Amurka. Matashin Zongo da ke son wannan sauti yana da dalilinsa, sai dai yawancin manyan manhajoji yanzu suna zuwa da nasu abin gyaran karin, akwai kuma na kyauta.

Maganar kwafin sata

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a ƙananan sutudiyo da yawa a Afirka ta Yamma fasassun kwafi ake amfani da su. Tsada ce dalili na farko. Na biyu shi ne hanyar biya: kamfanonin katin banki suke karɓa ko PayPal, alhali mutane da biyan kuɗi ta waya irin Flooz suka saba. Katin Visa da ake lodawa kuɗi, wanda bankuna ke sayarwa, yana sauƙaƙa wannan.

Fasasshen kwafi yana da nasa farashi. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bankaɗo wata cuta mai suna LoudMiner, wadda aka ɓoye a cikin kwafin sata na manhajojin sauti, tana amfani da ƙarfin kwamfutar mutum a asirce tana haƙo kuɗin kirifto. Kwamfutar da ta kamu takan yi nauyi da zafi, sauti ya riƙa yankewa ana tsaka da ɗauka. Ta fuskar doka kuma, Togo tana cikin ƙungiyar OAPI tare da Nijar da Benin da Kamaru da Chadi, kuma yarjejeniyar Bangui tana kare manhajojin kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Mai sutudiyon da ke son ofishin BUTODRA ya kare masa haƙƙin waƙarsa, dokar haƙƙin mallaka ɗaya ce ke kansa.

Saye ko haya

Wannan tambaya ta fi muhimmanci ga mai ciniki na lokaci-lokaci. Adobe Audition haya ce kawai: ranar da aka daina biya, ranar ƙofa ke rufewa. Lasisin dindindin yana zama hannun mai shi ko da wata uku ta wuce babu aiki. A Maris 2023 kamfanin Waves ya sanar cewa ya daina sayar da lasisin dindindin, sai haya. Masu amfani suka yi ca, cikin ƴan kwanaki ya janye. Ya kamata kuma a bincika ko manhajar tana bukatar intanet kullum don tabbatar da lasisi, ko tana neman ɗan makullin USB irin iLok, wanda ɓatansa ke tsayar da aiki.

Wa ya kamata ya sayi me

Mai ɗaukar wa'azi, karatu, ko sanarwa, Audacity ta ishe shi. Kuɗinsa ya tafi ga makirufo da gyaran ɗaki da faifan ajiya na biyu. Mai ƙaramin sutudiyo da ke ɗaukar bege da waƙar biki da talla, Reaper ta dala 60 tana yin layuka ba iyaka, kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta. Mai haɗa kiɗan zamani zai fi amfana da matsakaicin ajin FL Studio, tunda ba zai sake biya ba. Pro Tools da babban ajin Cubase da RX na wanda aiki ya riga ya zo masa ne daga fim, talabijin, ko abokan hulɗa na waje.

Lissafin yana da sauƙi. A raba kuɗin manhajar da ribar da ake samu a aiki ɗaya. Idan riba jika 10 ce, Cubase ta jika 380 na bukatar aiki 38 kafin ta biya kanta, Reaper kuma huɗu. Kusan duk kamfanonin suna ba da gwaji kyauta na wasu makonni, kuma Avid yana da ƙaramar Pro Tools Intro mai layin sauti takwas da ba a biya. Wanda ya gwada a kan kwamfutarsa, da aikin da abokan cinikinsa ke kawowa, zai gane ko ya kai matakin da tsadar za ta biya shi.