Taura Biyu Da Ta Taunu A Azhar

Sau da yawa nakan ji uwa tana cewa, ko dai yarinya ta yi Arabiyya ko ta yi boko, wai taura biyu ba ta taunuwa. To, bari in ɗan gutsura muku tarihin Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira a ƙasar Masar.

Sarakunan Faɗimiyya ne suka aza harsashin masallacin Azhar a shekarar 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Ɗaruruwan shekaru ana karantar da nahawu da fiƙihu da tafsiri a wurin, har ɗaliban Barno ma suna da masaukinsu na musamman. Sai a 1961, zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir, aka yi dokar da ta shigo da karatun injiniya da likitanci da aikin gona. A 1962 kuma aka buɗe wa 'yan mata tasu kwalejin. Yau har sashen injiniya na mata zalla gare su.

Amma fa shigar ba wasa ba ce. Sai mai maki na sama-sama ake ɗauka a injiniya, kuma tun daga sakandaren Azhar yarinya take haɗa lissafi da kimiyya da nahawu da haddar Alƙur'ani.

Saboda haka ke uwa, don Allah kada ki raba 'yarki da allo saboda boko, ko ki raba ta da lissafi saboda Islamiyya. Ki rage mata aikin gida da talla, ki ba ta lokacin bita. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.