Tarihin Isar da Saƙo a Ƙungiyoyin Farar Hula na Abuja

Ƙungiyoyin farar hula, wato ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba kuma ba riba suke nema ba, sun soma tattaruwa a Abuja ne bayan da aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya can daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma yawansu ya ƙaru bayan komawa mulkin dimokuraɗiyya a 1999, domin duk mai son a gyara doka ko a sauya kasafin kuɗi dole ne ya zauna kusa da Majalisar Tarayya da ma'aikatu. A wancan zamani aikin jami'in sadarwa bai wuce rubuta takardar sanarwa da kiran taron manema labarai da neman fili a gidan rediyo ba, kuma saƙo yakan kwana a hannu, a karanta a sake karantawa, kafin ya fita.

Shigowar wayar salula a 2001, da yaɗuwar intanet bayanta, sun sauya wannan tsari, yayin da dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma. A 2012 ne Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara shirin Follow The Money, wato bin sawun kuɗin jama'a, kan ƙauyen Bagega na Jihar Zamfara, jihar da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan 400 a cikinta. Matasan sun je ƙauyen da ƙafarsu, sun ɗauko hotuna da bayanan mazauna, sa'an nan suka baza su a Twitter, har gwamnati ta saki kuɗin tsabtace garin a farkon 2013. Abin da ya ba saƙon nasu nauyi shi ne gani ya kori ji.

Irin wannan haƙuri ya sake bayyana a gangamin neman ceto 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu 2014, inda Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu da sauransu suka riƙa zaman dirshan kullum a dandalin Unity Fountain, ko bayan da hankalin duniya ya koma wani wuri. Haka nan gangamin rage shekarun tsayawa takara, wanda ƙungiyar Yiaga Africa ta Samson Itodo ta jagoranta daga 2016, sai da ya bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya yana lallashin 'yan majalisa, kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a ranar 31 ga Mayu 2018, aka rage shekarun neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai kuma daga 30 zuwa 25.

Sai dai hanyar da gaskiya ke bi da sauri ita ce ƙarya ma ke bi, kamar yadda aka gani a watan Agusta 2014, lokacin da wani saƙon waya ya tashi mutane da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, wai don kariya daga cutar Ebola, har aka rasa rayuka. Yawaitar irin wannan jita-jita ce ta haifar da sana'ar tantance labarai, wato bin diddigin magana ko hoto har zuwa asalinsa, kuma a 2018 aka kafa cibiyar Dubawa a Abuja, wadda sunanta ma daga Hausa aka ɗauko shi. Mai tantancewa yakan ɗauki hoton da ke yawo a WhatsApp ya bincika inda ya fara fitowa da ranar da aka ɗauke shi, ya dubi lambar mota ko rubutun allon shago da ke cikinsa, ya buga waya ga wanda ke wurin, kuma ba ya yanke hukunci sai shaidu sun dace da juna.

Wannan aiki yana buƙatar natsuwa, wato tattara hankali wuri guda da danne fushi ko ɗoki kafin a yi magana, kuma ita ce tarbiyyar da jinkirin zamanin takarda yake tilastawa, wadda a yau dole ma'aikaci ya ɗora wa kansa. Ƙungiyar farar hula ba ta da soja ba ta da baitulmali, amanar jama'a kaɗai ce jarinta, saboda haka wadda ta yi garajen yaɗa abin da ba ta tabbatar ba takan zubar da mutuncin da ta daɗe tana ginawa, wadda kuwa ta tsaya ta duba ita ce ake saurara idan ta yi magana.