Ganyen Sabara: Daga Tukunya zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

A Limawa da ƙauyukan da ke kewaye da Dutse, gidaje da yawa kan tafasa ganyen sabara ko na gwaiba idan gudawa ta kama yaro, tun kafin a nufi kemis. Sanin ya daɗe. J. M. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tarar da jama'a suna magani da irin waɗannan itatuwa.

Jami'o'in Arewa, har da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, sun rungumi fannin binciken waɗannan tsirrai. Hanyar sananniya ce: a shanya ganye a inuwa, a daka, a jiƙa garin cikin sinadarin itanol, a tace, a ɗiga a faranti da aka shuka ƙwayoyin cuta irin su E. coli ko Staphylococcus aureus. Washegari a auna da milimita faɗin da'irar da ƙwayoyin suka kasa tsirowa. Sabara, marke, lalle da darbejiya duk kan nuna tasiri, kuma sinadarin tanin, mai sa baki ya yi bauri, yana cikin dalilan.

A nan mafi yawan binciken yake tsayawa, kuma abin takaici ne. Uwa a Limawa da ruwa take tafasa ganyenta, abin da itanol ke fitarwa kuwa ya sha bamban da na ruwan zafi. Sannan tanin yana aiki ne inda ya taɓa ƙwayar kai tsaye, a kan miki ko cikin hanji. Ƙwayar taifod kuwa tana shiga jini, inda da wuya tafasasshen ganye ya kai da ƙarfin da aka gani a faranti. Mai tallan magani da lasifika da ya ce “jami'a ta tabbatar” yana iya jinkirta marar lafiya zuwa asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse.

Buƙatar sabon magani kuwa babba ce. Wani bincike a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Ya kamata mai bincike a Dutse ya zauna da masu maganin gargajiya, ya gwada tafasasshen ruwan yadda suke haɗa shi, ya auna yawan da ake sha, ya duba illarsa ga hanta da ƙoda, musamman ga jarirai da masu juna biyu.