Motar Magnum da Bashen Kakana

Ƴan'uwa ɗalibai, da aka ce kowa ya kawo rubutu a kan tarihi domin wannan ɗan littafi namu, na san da yawa za su ɗauko sarakunan Damagaram ko zuwan Turawa. Ni kuwa mota na ɗauko, kuma ina roƙo ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, don labarin zai tashi daga Italiya, ya ratsa Amurka, ya zo ya sauka a ƙofar gidanmu nan Matamai.

Tun ina ƙarami akwai wata tsohuwar Peugeot 404 a gindin bedi a ƙofar gida, irin mai buɗaɗɗen baya da muke ce wa bashe, ƴan Najeriya kuma su ce a-kori-kura. Ta kakana ce. Ya saye ta hannu na biyu a Damagaram zamanin Kunce, ya yi shekaru yana dakon rake da gyaɗa da fasinja da ita, daga Kance zuwa Takeita, daga Matamai zuwa Magarya, wani lokaci ya ƙetara Ɗan Barto har Daura. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan gyara suka yi tsada, shi ma ƙarfi ya fara ƙarewa, sai wata rana ta tsaya ba ta sake tashi ba. Ni ban taɓa ganin ta tana tafiya ba. A cikinta muka yi wasan sofer da yaron mota, kaji kuma suka mayar da ƙarƙashin kujera wurin ƙwai.

Bara wani abokina ya tura mini wani tsohon fim na Amurka a waya, da Faransanci, sunansa Magnum. Akwai wata jar mota a ciki, gajera kamar an danne ta da hannu. Na shiga neman labarinta, shi ne ya kai ni ga abin da zan ba ku.

Sunan motar Ferrari 308 GTS. Mai gidan, Enzo Ferrari, an haife shi a Modena a arewacin Italiya a 1898. Ɗan tseren mota ne tun asali, ya kafa ƙungiyarsa ta tsere a 1929, amma motar farko mai ɗauke da sunansa sai a 1947 ta fito daga ƙauyen Maranello. Abin da ya dame shi tsere ne, yana sayar wa masu kuɗi motocin hawa ne don ya samu abin riƙe ƴan tserensa. Da nauyi ya yi yawa, a 1969 kamfanin Fiat ya sayi rabin gidan. An nuna 308 a Paris a 1975, mai rufin da ake cirewa kuma, wato GTS, ta biyo baya a 1977. Lambar tana da ma'ana: inji mai lita 3, silinda 8, kuma injin yana bayan mai tuƙi ne. Daga 1975 zuwa 1985 an ƙera wajen 12,000, wanda a wurin Ferrari adadi ne mai yawa. A cikin danginta ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi.

Tele ce ta ɗaga ta. Tashar CBS ta fara nuna Magnum a Disamban 1980, aka yi ta yi har 1988. Tom Selleck ne ya fito a matsayin mai binciken sirri a tsibirin Hawai. Abin dariya, a cikin labarin motar ma ba tasa ba ce, ta maigidansa ce, wani marubuci mai suna Robin Masters, shi ya sa lambarta take ROBIN 1. Aro yake yi, kamar yadda wasunmu ke aron babur ran salla. Selleck dogo ne, mita 1.93, sai da aka gyara kujerar kafin ya zauna, kuma galibi rufin a cire yake don kansa ya samu wuri. Shekara takwas miliyoyin mutane suna ganin wannan jar mota kowane mako, har a Faransa inda aka fara nuna shi a 1981. Yaran da suka kalla suka girma, wasu suka yi kuɗi, suka tashi neman abin da suka yi mafarki da shi suna yara. A Janairun 2017 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da ɗaya daga cikin motocin da aka yi fim ɗin da su, ƙirar 1984, a kan dala 181,500. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta biyar ba. In ka lissafa kowace a sefa 600, kuɗin ya haura miliyon 100. Ƴan'uwanta da suka fito daga masana'anta ɗaya, inji ɗaya, launi ɗaya, ba su kusanci wannan farashi ba a lokacin. Abin da ya raba su shi ne takardar da ta tabbatar cewa wannan ce aka ɗauka a fim.

Labari na biyu ya fi wannan daɗi. A 1984 tashar NBC ta fara Miami Vice, wanda Faransawa suka sa wa Deux flics à Miami. Ɗan sandan ciki, Don Johnson, yana yawo da baƙar Ferrari Daytona. Ashe jabu ce! Wani maƙeri mai suna Tom McBurnie ne ya ɗauki Corvette, motar Amurka, ya lulluɓa mata jiki irin na Ferrari. Duniya tana kallo tana yabon Ferrari, alhali ba su suka yi ta ba. Gidan Ferrari ya kai maƙerin kotu, sannan ya yi wa masu fim tayi: ku kawar da jabun, mu ba ku ta gaske. A farkon zango na uku, a 1986, aka tarwatsa baƙar motar da makami a gaban masu kallo, aka kawo Testarossa guda biyu. Baƙaƙe ne da suka zo, aka yi musu farin fenti don su fito sosai in ana ɗaukar hoto da dare. Testarossa da Italiyanci jan kai ke nan, saboda murfin saman injinta ja ne. Kun ga tun a wancan lokaci Ferrari ta gane cewa abin da mutane ke gani a tele yana shiga cikin kuɗin mota.

Amma kada mu ɗauka tele ce kaɗai. Wadda ta fi kowace tsada a gidan ita ce 250 GTO, guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, don tsere. Sabuwarta wajen dala 18,000 ce. A 2018 aka yi gwanjon ɗaya a Monterey ta Kaliforniya a kan dala miliyon 48.4, wato kusan sefa miliyar 29. Ita ƙarancinta da nasarorinta a filin tsere ne suka kai ta nan. Kada kuma mu ɗauka farashin hawa kawai yake yi. Da Enzo Ferrari ya rasu a Agustan 1988, ƴan kasuwa suka yi rububin sayen motocinsa, wasu da bashin banki, suna jiran riba. Farkon shekarun 1990 kasuwar ta faɗi, da yawa suka sayar da asara. Daidai da mai ɓoye hatsi yana jiran bazara, sai damina ta yi kyau. Da jabu suka yi yawa kuma, a 2006 gidan ya buɗe sashe na musamman, Ferrari Classiche, mai duba lambar inji da ta gangar jiki ya gwada da tsofaffin rajistocin masana'anta kafin ya ba da shaida. Su sun ajiye rajistar motocinsu tun farko, shi ya sa suke iya wannan aiki.

Abu uku ke nan na tsinta: ƙaranci, labari, da takarda mai tabbatar da labarin.

To, ga inda gabana ya faɗi. Wanda ya zana jikin 308 ba Ferrari ba ne, wani gidan zane ne a birnin Turin mai suna Pininfarina, wanda Battista Farina ya kafa a 1930. Ina cikin karanta jerin motocin da gidan ya zana sai na ga Peugeot 403 ta 1955, Peugeot 404 ta 1960, Peugeot 504 ta 1968. Wallahi sai da na sake karantawa. Kat-san-kat ɗin da kajinmu suka yi ƙwai a ciki, da jar motar Magnum, gida ɗaya ya zana fuskarsu. Pijon da ta cika tashoshinmu shekara da shekaru, injinta na Faransa ne, rigarta ɗinkin Italiya.

Ita ma Pijo ta yi suna a tele. Columbo, ɗan sandan nan mai yamutsattsiyar riga da Peter Falk ya fito a matsayinsa tun 1968, tsohuwar 403 mai buɗaɗɗen rufi yake ja, irin wadda kusan 2,000 kawai aka ƙera, yau kuma masu tara tsofaffin motoci suna nemanta ido rufe. Ita 504 an zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. An daina yin 504 a Turai da daɗewa Kaduna tana ci gaba da fitar da ita, har bayan shekara ta 2000. Duk wanda ya girma tsakanin Damagaram da Kano kafin zuwan Toyota, a cikin Pijo aka kai shi asibiti ko aka kai amaryar gidansu.

Bashen kakana fa? Bayan rasuwarsa aka zauna rabon gado a shekarar da hatsi bai yi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da sikeli da guduma, suka farfasa ta, suka auna da kilo, suka loda a kamyo. Ina tsaye ina kallo, ina aji shida a lakwal. Kuɗin hatsi aka saya da su, muka ci har kaka.

Da na gano zancen Pininfarina na je wurin kawuna da zafina. Na ce, «Kawu, kun san abin da kuka sayar kuwa? Wanda ya zana Ferrari shi ya zana ta.» Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, «Kai yaro, Ferrarin za ka ci? Tuwon da ka ci wannan shekarar, ita ce.» Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Kuma da na koma na auna ta da abubuwa ukun nan, na ga ko an bar ta ba za ta yi kuɗin a zo a gani ba. An ƙera 404 sama da miliyon biyu da rabi, babu zancen ƙaranci. Injinta an canja, ƙofofinta na wata motar ne, makanikai sun yi mata ɗori iri-iri har wanda ya ƙera ta ba zai gane ta ba. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya je ya hana gidansu sayar da tsohon ƙarfe yana jiran Bature ya zo da miliyoyi.

Abin da ya dame ni na biyun ne, labari. Motar Magnum yawon ƙarya ta yi a gaban kyamara, kuma an san lambarta, an san wanda ya saye ta bayan fim, an san ranar da aka yi gwanjonta. Ta kakana ta yi wajen shekara ashirin tana aikin gaske, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ta ɗauko gawa, ta yi dakon hatsi a yunwar 1984, amma ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Ba a san sau nawa ta ƙetara iyaka ba, ba a san nawa ake biya daga Matamai zuwa Damagaram a lokacin ba. Wanda ya sani ya tafi da saninsa.

Kuma ba a ce mu ba mu iya ajiya ba. Baƙar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta, ɗalibai suna zuwa kallo. Ta shugaba ce, shi ya sa aka tuna da ita. Motocin talakawa da suka riƙe kasuwanninmu babu mai waiwayar su.

Ga roƙona gare ku. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto da murya. A tashar Matamai da garejojin bakin hanya akwai tsofaffin soferori da makanikai da suka yi zamanin kat-san-kat da san-kat, wasu ma har yanzu akwai gangar motar a bayan gidansu. Mu je mu gaishe su, mu nemi izini, mu tambaye su: yaushe aka saye ta, a ina, nawa, wace hanya take bi kafin a zuba gudron, wane gyara suka ƙirƙiro da babu shi a littafin Bature. Mu ɗauki hoton motar da lambarta da takardunta. In kowa ya kawo labarin mota ɗaya, fitowa ta gaba ta wannan littafi ta cika.

Ni na riga na fara. Da na ba kakata labarin nan duka, ba ta ce komai a kan Ferrari ba. Ta tashi ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta ɗaga zannuwa, ta fito da wani ƙulli. A ciki akwai kartagiris ɗin motar, ta yi ja don tsufa, da ɗan zakin ƙarfen nan na gaban Pijo, wanda ta sa aka cire mata kafin masu guduma su fara aiki. Ta ce, «Ungo, tunda kai ne mai tambaya. Amma ka zauna, don ranar da Malam ya kawo ta gida ni ce na fara shiga.» Na kunna wayata, ta yi magana har aka kira la'asar, kuma ta ce in dawo jibi don ba ta kai zancen tafiyarsu Daura ba.