Malam Muhammadu al-Katsinawi da Lissafin Hatimi

Tun kafin a kafa shingen kwastan a Magama ta Jibiya, ƙasar Katsina ta miƙe har cikin Nijar ta yau, kuma ita ce ta haifi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Wajen 1732 ya wallafa Bahjat al-Afaq, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje wutiri.

Mutanen yau kan ɗauki hatimi kayan tsibbu ne kurum, alhali ƙashinsa lissafi ne. Mai gida uku-uku jimlar kowane layinsa 15 ce, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175. To, 3 da 5 da 7 lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da 1, saɓanin 9, wadda wutiri ce amma tana rabuwa. Tantance irinsu idan sun girma aiki ne ja. Sai a 1772 Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya tabbatar cewa 2,147,483,647 tana cikinsu, yana makaho kuwa. Shi ma a 1776 ya yi rubutu a kan hatimi, shekara 35 bayan rasuwar Bakatsinen.